Alherin da Ya Kusa Rufe Mini Asusu

Rannan jikanyata Safiya ta aika wa gwaggonta firij zuwa Kano tana kishingiɗe a kujera, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Ta danna waya sau uku ta ce, "Kaka, na yi booking, ranar Talata za su zo su ɗauka." Sai ta dube ni ta ce wai wannan ita ce sana'ar da na shekara arba'in ina yi? Na ce ita ce. Ta ce ashe aikin ba wuya. Na ci gaba da shan shayina don kada ya huce, amma maganar ta tsaya mini a rai. To ga amsa, ita da sauran 'yan zamani masu buɗe asusun banki kafin ruwan buta ya tafasa.

Sunana Sabo, amma a Peckham in ba ka ce Sabo Mai Akwati ba, babu wanda zai nuna maka gidana. Karatun safiyo ya kawo ni London. Jarrabawa ta kayar da ni sau biyu, gwamnati ta ɗauke hannunta daga kuɗin makaranta, ni kuma na ga ba zan iya sauka a Kano hannu na dukan cinya ba. Haka na faɗa hannun Baba Yahuza, wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ɗan zangon Kumasi, mai shago a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Aikinsa shi ne haɗa kayan mutanenmu masu komawa gida, ya rufe a akwatin katako, ya sa a jirgin ruwa zuwa Ikko. Duk minti goma jirgi ya wuce ta samanmu, ƙura ta zubo mana a ka, mu kakkaɓe mu ci gaba.

Aikina na farko tangaran ne na matar wani likita, faranti talatin da shida da kofuna masu bakin zinariya. Na yini ina jera su a akwatin ganyen shayi, ɗaya kan ɗaya, na cusa jarida a gefe, na buga ƙusa, na tsaya ina jiran yabo. Baba Yahuza ya zo ya zagaya akwatin sau ɗaya, ya sa ƙafa ya turo shi daga kan benci. Ƙarar da na ji har yau tana kunnena. Ya ce, "Wannan ni ne, tsoho. Teku ya fi ni ƙafa." Faranti goma sha ɗaya suka tafi. Ya je ya sayo madadinsu, ya yi ta yanka daga ladana har wata biyu. Ranar na koyi cewa faranti a tsaye yake tafiya, a kan gefensa, kowane da rigarsa ta jarida. In ka gama kuma ka girgiza akwatin ka kasa kunne. In ka ji ko ƙis, ɓare ka sake.

Kayan aikinmu ba su da yawa: guduma, zarto, ƙarfen cire ƙusa, tef ɗin awo, sikeli, injin ɗaure ɗamarar ƙarfe, sai gwangwanin baƙin fenti da muke buga suna da gari da shi. Wanda ya fi su duka kuwa shi ne ido. Kamfanin jirgi ba nauyi kaɗai yake caji ba, har da faɗin wurin da akwati ya ci, saboda haka iskar da ka bari a ciki ma biyanta za ka yi. Mai haɗa kaya na gaske ba ya aika firij cikinsa wayam. Sai ya cika shi da tawul da zanen gado da takalman yara, ya cusa safa a cikin tukwane, cokula a cikin safa. Sannan dole ka rubuta abin da ke ina. In ba haka ba uwar gida ta yi wata shida a Zariya tana neman ludayinta tana tsine maka, kai kana nan kana mamakin abin da ya sa kasuwa ba ta tafiya.

Masu kaya kuwa iri-iri ne. Akwai wanda sai ka buga ƙusa ta ƙarshe ka ɗaure ɗamara, sannan ya ɓullo da ɗan ƙaramin saƙo na surukarsa, ka duba ka ga injin niƙa ne. Akwai mai zama a kanka yini guda yana koya maka aikinka. Wata matar ɗalibi ta taɓa kawo mini kayan girkinta na shekara biyar, har da murfin tukunyar da ta ɓata, ta ce ko za a samu mai daidai da shi a Katsina. Na naɗe murfin da jarida na ba shi wuri, don a sana'ar nan ba kai ne mai cewa wannan tarkace ne ba. Mutum guminsa na shekaru yake miƙa maka, ya hau jirgin sama da jaka ɗaya, ya dogara da cewa zai same shi a can.

Da kuɗin fetur suka fashe a gida, Baba Yahuza ya riga ya tsufa, ya sallama mini shago ya koma Kumasi. Ni na ci kasuwar. Wanda bai ga shekarun nan ba, ba zai yarda ba. Ma'aikacin gwamnati ya zo kwas na wata uku da akwati ɗaya, ya koma da tara. Firij, talabijin, rediyo mai garmaho, keken ɗinki, kafet, fitilar falo mai ƙyalƙyali. Wani alhaji daga Gusau ya sayi fiyano. Na tambaye shi wa zai kaɗa, ya ce babu, ya dai ga ta yi kyau a falon wani Bature. Kwana uku na yi ina gina mata akwati. Na kwance ƙafafunta, na kwantar da ita a kan katifa biyu, na toshe kowace kusurwa da bargo. Ta isa lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Daga baya na ji a kanta ake jera kwanukan abinci in an yi baƙi.

A nan ne kuma na haƙa wa kaina rami. Baba Yahuza ba ya taɓa akwati sai an biya shi cas. Ni kuwa mai son a ce da ni mutumin kirki, sai na fito da tsarina: farashi ɗaya har ƙofar gida, ka ba da rabi yanzu, rabi in kaya sun isa. Babu takarda, sai musafaha. Inshora kuwa, in na ambata sai mai kaya ya ce, "Haba Malam Sabo, Allah ne mai tsarewa." Ni ma in ce haka ne, mu shafa fatiha, in mayar da fom aljihun tebur. Tun ina jiran su faɗa har na koma ni nake riga su. Shekara uku tsarin yana tafiya sumul. Na sayi mota, na auro Binta daga gida, na fara yawo da littafin cek a aljihun gaba, inda kowa zai gan shi.

Sai shekarar da jiragen siminti suka toshe tashar Ikko. Jirgi ya isa ya tsaya a teku wata da watanni yana jiran layi. Kamfanonin jirgi suka ƙara kuɗi, wasu suka daina karɓar kaya gaba ɗaya. Akwatunana suka taru a wani sito a bakin kogi, haya tana hawa kowane mako. Waɗanda suka riga suka tafi kuwa, wasu an sauke su a wata tashar daban, wasu ruwa ya shige su, wasu har gobe ban san inda suke ba. Kaya ba su isa ba, saboda haka babu mai biyan rabi na biyu, kuma da gaskiyarsu. Na ci bashi na biya bashi har hanya ta ƙare. Mai sito ya kai ni ƙara, kotu ta ce na karye.

Karaya a ƙasar nan ba irin ta gida ba ce, inda za ka shige ɗaki wata biyu 'yan uwa su je su ba da haƙuri. A nan buga sunanka ake yi a jarida, a naɗa maka jami'in da zai karɓi duk abin da ka mallaka ya raba wa masu binka. Mu risiba muke ce masa. Nawa wani dogon mutum ne mai sanyin murya, ko tsawa bai taɓa yi mini ba, kuma na fi tsoronsa a kan duk masu zagina. Ya karɓi mota, ya karɓi mabuɗin shago. Banki ya rufe asusuna rana ɗaya, na miƙa littafin cek ɗin nan na aljihun gaba. Guduma da zarto da sauran kayan aiki dai ya bar mini, ya ce doka ba ta raba mutum da abin neman abincinsa. Na zuba su a buhu na hau bas.

Ranar taron masu bina bashi, wadda ta fi kowa ɗaga murya ita ce Sista Rifkatu, nas 'yar Filato mai aiki a wani asibiti a kudancin London. Shekara biyu ta yi tana tara kuɗin ƙarin aiki, ta sayi firij da keken ɗinki don uwarta, ta ba ni, suka bi ruwa. A gaban Turawa ta nuna ni da yatsa ta ce da Hausa, "Malam Sabo, na ce ka yi mini insurance, ka ce Allah zai tsare. To Allah ne ya ce ka baro hankalinka a Kano?" Risiba ya tambaye ni me ta ce. Na ce gaishe ni take yi. Amma gaskiya ta faɗa, kuma duk cikin waɗanda suka zauna a ɗakin, nata ne ya fi yi mini ciwo.

Aiki ban daɗe ina nema ba. Wani kamfanin Turawa masu kwashe kayan gida suka gwada ni da akwatin gilasai, suka ɗauke ni a ranar, har suka sa ni shugaban masu haɗa kaya. Na yi murna, ban san muƙamin ne matsalar ba. Lebura a ambulan ake ba shi kuɗinsa duk Juma'a. Shugaba kuwa cek ake ba shi ƙarshen wata, mai layi biyu a fuska, wanda ba ya zama kuɗi sai ya bi ta asusun mai shi. Na roƙi akawu ya mayar da ni lebura, ya ce ba a yin haka. Wata biyu ina yawo da cek biyu a aljihu, muna cin burodi da waken gwangwani, Binta da ciki wata bakwai, mai gidan haya yana ƙwanƙwasa ƙofa. Akawun ya ce in wata na uku ya ƙare ban buɗe asusu ba, sai dai su nemi wani.

Banki huɗu na shiga. Kowane fom ɗinsa yana tambaya ko ka taɓa karyewa. Kana cewa e, sai murmushin ya ɗauke kamar an kashe fitila, a raka ka ƙofa cikin ladabi. Wani abokina ya ba ni shawara. Ya ce, "Kai ma dai! Ba Sabo Muhammadu aka buga a jarida ba? Je ka ce Muhammadu Sabo. Bature ya san na gaba da na baya ne?" Wallahi dabarar ta burge ni kwana ɗaya cur. Da na gaya wa Binta, sai ta ce in zan yi, in fara nuna mata bas ɗin da ke zuwa kurkuku tun kafin ta haihu. Na bar maganar.

Na biyar wani ƙaramin reshe ne kusa da Rye Lane. Manajansa gajere ne mai sanƙo, da lofe a baki wanda ban taɓa ganin ya kunna ba. Ban jira fom ba. Na ajiye masa takardar kotu da takardar aiki da cek biyun nan, na ce, "Na karye, amma ina da albashi. Ba bashi na zo nema ba, wurin da zan sa wannan nake so." Ya daɗe yana juya takardun, sannan ya lissafo sharuɗɗa. Asusun ajiya ne kawai, mai ɗan littafi. Babu cek. Ba zan cire ko kwabo fiye da abin da ke ciki ba. Sai na kawo wasiƙa daga risiba cewa ya sani kuma ya yarda. Sai wani mai mutunci ya tsaya mini. Na ƙarshe kuwa sau biyu ya maimaita shi: albashina kaɗai zai shiga, ba kuɗin kowa ba. Na yi dariya na ce wannan ai shi ne mafi sauƙi, wa zai ba ni kuɗi?

Wanda ya tsaya mini Malam Inuwa ne, dattijon da ke koya wa Turawa Hausa a wata kwaleji a Bloomsbury, kuma shi yake ja mana sallah in mun taru. Ya sa hannu, na karɓi ɗan littafi shuɗi, na fito ina jin kamar an ba ni sarauta. Riƙe irin wannan asusu sana'a ce mai zaman kanta, kuma na lallaɓa shi yadda nake lallaɓa tangaran. Cek ya shiga, in jira kwanakin da suka ce kafin in taɓa. Kullum in bar fam ɗaya a ciki, ko me ake ciki a gida. Duk takardar da aka miƙo mini a kantar banki tana cikin gwangwanin biskit. Bayan wata uku in kai wa risiba littafin ya duba, ya yanki ɗan abin da zai yanka don masu bina. Binta ta haihu, muka biya haya, na fara samun barci.

A wata na biyar na miƙa littafi a kantar banki, mai karɓar kuɗi ta dubi littafin, ta dube ni, ta ce in ɗan jira. Kan in ankara ga ni a gaban manaja, lofen yana kan tebur. Fam tamanin da biyar sun shiga asusuna, tsabar kuɗi, a wani reshe can wajen Charing Cross, kuma a gurbin sunan mai zubawa an rubuta wai aboki. Na rantse ban san komai ba. Ya ce yana so ya yarda da ni, amma dole ya sanar da risiba. Shi kuwa risiba lissafinsa a fili yake: akwai mutanen da ban karɓi rabin kuɗina a hannunsu ba, ga shi kuɗi sun fara shigowa babu suna. Ɓoye wa kotu dukiya kuwa ba rufe asusu kaɗai yake jawowa ba, har ɗauri. Suka ba ni mako biyu in kawo mai kuɗin, da sunansa da sa hannunsa.

Tun a bas na gane abin da ya faru. Mutanenmu ne. Mu a wurinmu in mutum ya faɗi, ba a miƙa masa taimako a tafin hannu ana kallon idonsa. Ta ƙarƙashin tabarma ake turawa, ko a ba matarsa a ce wani ne ya ce a kawo. Wanda ya ba ka sannan ya faɗa, ya ƙara maka kunya ne a kan wadda kake ciki. London babu tabarma, sai suka ga ai ga banki. Lambar asusuna kuwa mutum ɗaya ne ya gan ta bayan ni.

Ranar Juma'a na tare Malam Inuwa bayan sallah. Na ce, "Allah ya gafarta malam, an zuba mini kuɗi a account."

Ya ce, "Masha Allah! Allah mai arziki."

Na ce, "Malam, wa ya zuba?"

Ya ce, "Malam Sabo, wanda Allah ya ba shi, tambaya yake yi?" Ya zura takalmi ya ce yana da lacca.

Na bi sauran mutanenmu ɗaya bayan ɗaya. Wani likita da ban taɓa ganin ya rasa ta cewa ba, ranar ya ce mura ta toshe masa kunne. Wani ma'aikacin ofishin jakadanci ya kama ba ni labarin tsadar tumatir. Ɗalibai kuwa ina dosarsu suke watsewa, kai ka ce ni ke bin su bashi. Kowa fuska cike da fara'a, kowa yana jin ya yi aikin lada, ni kuwa ƙofar kurkuku nake hange. Ban taɓa jin haushin mutanen kirki irin na wannan makon ba.

Saura kwana uku na je Bloomsbury, na samu Malam Inuwa a ofishinsa cikin tulin littattafai. Ban zauna ba. Na ce, "Malam, na san al'ada, kuma na gode. Amma ranar Litinin ƙarfe goma, in babu wanda ya ce nasa ne, za su yi closing ɗin account. In suka rufe, aikina ya tafi. Risiba kuma zai ce na ɓoye kuɗi, su kai ni gaban alƙali. Binta da jariri wa zan bar wa su?"

Ya cire tabarau ya ajiye. Sannan ya ce, "Yanzu a ƙasar nan har alheri sai da rasit?"

Na ce, "Sai da rasit, Malam."

Ya ce, "Ni dai ban ce na san komai ba. Ƙarfe goma ka ce?"

Litinin tun tara da rabi ina ƙofar banki. Goma saura kwata sai ga Malam Inuwa da babbar riga a ƙarƙashin kwat. Bayansa likita, kunne ya warke. Sai mai labarin tumatir, sai ɗalibai uku suna kallon takalmansu. Ta ƙarshe da ta turo ƙofa, da fararen kayan asibiti da jaka a hammata, Sista Rifkatu ce. Na tsaya ina kallonta. Ta ce, "Kada ka kalle ni. Na baro marasa lafiya a ward saboda kai, ka ce su yi sauri."

Kujera biyu ce a ofishin manaja, muka cika shi a tsaye. Ya ce kowa ya rubuta sunansa da abin da ya bayar. Nan aka yi cirko-cirko. Suna dai an haƙura, amma a ce mai fam biyu ya rubuta a ƙarƙashin mai fam ashirin kowa yana gani? Ɗaya daga ɗaliban har ya fara ja da baya zuwa ƙofa. Sista Rifkatu ce ta warware matsalar. Ta yagi takarda gida bakwai, ta ce kowa ya juya baya ya rubuta nasa, ya sa hannu ya ninke. Ta tattara ta miƙa wa manaja, ta ce ya haɗa lissafi shi kaɗai, in ya kai tamanin da biyar ya ce ya kai. Ya buɗe su ɗaya-ɗaya a kan cinyarsa kamar mai duba karta. Ya ce ya kai. Har yau ban san wa ya ba da nawa ba.

Sai ya ɗauko jerin masu bina bashi wanda risiba ya aiko masa, ya bi da yatsa, ya tsaya. Huɗu daga cikin bakwai ɗin sunansu yana ciki. Ya dubi Sista Rifkatu ya ce, "Madam, kina bin mutumin nan kuɗin firij da keke, kuma kika ba shi kyauta?" Ta ce, "Ina bin sa, kuma ban yafe ba. Amma matarsa ta haihu. Jaririn ne ya ɓatar mini da firij?" Manaja ya mayar da lofe bakinsa, ya rufe fayil. Ya ce asusu zai zauna, amma duk wanda ya sake jin tausayina ya fara zuwa ya gan shi tukuna.

Asusun ya zauna. Da shi na yi sauran shekarun karaya, ba a ƙara kirana ofishin manaja ba ko sau ɗaya. Ranar da kotu ta sallame ni na kai masa takardar, ya ba ni littafin cek da hannunsa, har ya yi mini tayin ɗan bashi don in sake buɗe shago. Na karɓi littafi, na ce ya riƙe bashinsa. Shagon dai na sake buɗewa a hankali, da guduma ta da, amma ban ƙara taɓa akwatin kowa ba sai ya biya kuma ya sa hannu a takardar inshora.

Fam tamanin da biyar ɗin kuwa ban ci ko sisi ba. Risiba ya yarda kyauta ce, ya wanke ni, sannan ya sanar da ni cikin sanyin muryar nan tasa cewa kyautar da ta shigo hannun wanda bai fita daga karaya ba, ta masu binsa ce. Ya kwashe. Kaso mafi tsoka ya tafi wurin mai sito, wanda bai san akwai wata Rifkatu a duniya ba. Ita kuwa aka aiko mata da cek na fam ɗaya da 'yan kwabbai. Da na ji, kunya ta kama ni har na daina bin titin asibitinsu.

Lahadin da ta biyo baya da rana aka buga mana ƙofa. Na buɗe, sai ga ta daga coci, ɗaurin ɗankwali har sama, ta rungumo wata ƙatuwar tukunya a naɗe da tawul. Ta wuce ni ko kallo babu, ta dire tukunyar a gaban Binta ta buɗe. Gwate ne irin nasu, da zafinsa, ban san inda ta samo acha a London ba. Ta karɓi jariri ta saɓa a kafaɗa, sannan ta juyo ta dube ni.

Ta ce, "Ga shi nan. Wannan kuma ka kai wa risiba ya raba."

Lahadi ba ta ƙara wucewa tukunyar nan ba ta zo ba, har aka yaye yaron. Kuɗin firij da keke kuwa kotu ta yafe mini, ita ba ta yafe ko kwabo ba. Da cek ɗina na farko na biya ta.